Yadda Ake Sa Masu Gina Ƙirƙirarriyar Basira Su Riƙa Tattauna Abin da Ya Dace da Wanda Bai Dace Ba

Kusan duk kamfanin da ke gina ƙirƙirarriyar basira yana da takardar ƙa'idoji: adalci, gaskiya, kare sirrin mutane, da sauransu. Rubuta irin wannan takarda ba wuya. Wuyar tana ranar da ƙaramar injiniya ta lura manhajar na yawan kuskure a kan wani rukunin mutane, ga shi saura kwana huɗu a ƙaddamar, kowa ya gaji, shugaban aiki kuma ya riga ya yi wa na sama alkawari. Za ta yi magana ko za ta ja bakinta ta yi shiru? In ta yi maganar, akwai abin da zai canza?

A kan wannan tambaya ta biyu aka gina matakan da ke tafe. Mutane ba sa ɓata bakinsu a inda suka san maganarsu ba ta tsinana komai. Tattaunawa kan ɗa'a tana ɗorewa ne idan an ɗaure ta da wata shawara da za a yanke, aka san wanda zai yanke ta, aka kuma san ranar.

Mataki na farko: ku nemo wuraren da ake yanke shawara

Kada ku fara da kiran taron ɗa'a na wata-wata. Irin wannan taro yakan cika maƙil a karon farko, a karo na uku sai ka tarar mutum huɗu ne, biyu suna latsa waya. Ku zauna ku zana yadda aikinku ke tafiya tun daga ranar da aka kawo shawarar gina manhaja har zuwa bayan ta shiga hannun jama'a, sannan ku sa alama a wuraren da, in an yanke hukunci, warware shi sai da tsada. A yawancin ayyuka wurare huɗu ne: lokacin zaɓar abin da manhajar za ta yi hasashe, lokacin tattara bayanan da za a horar da ita, lokacin da ake cewa ta isa a sake ta, da lokacin da koke ya fara shigowa.

Na farkon shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin kama yake da ƙaramin zaɓi na fasaha. A 2019 mujallar Science ta buga binciken Ziad Obermeyer da abokan aikinsa a kan wani tsari da asibitoci a Amurka ke amfani da shi wajen zaɓo marasa lafiyar da ke buƙatar ƙarin kulawa. Masu ginin ba su sa launin fata cikin lissafin ba. Abin da suka yi shi ne, tunda tsananin ciwo yana da wuyar aunawa, sai suka sa manhajar ta yi hasashen kuɗin da za a kashe wa majinyaci, suna ganin wanda ya fi ciwo shi ya fi cin kuɗi. Amma an daɗe ana kashe wa baƙar fata kuɗi ƙasa da na farar fata masu ciwo iri ɗaya, sai manhajar ta koyi cewa baƙar fata sun fi lafiya. Masu binciken sun lissafa cewa in aka gyara, kason baƙar fata cikin waɗanda ake ba ƙarin kulawa zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin ɗari. Duk wannan ɓarna ta samo asali daga zaɓi guda: amfani da kuɗi a madadin tsananin ciwo.

Saboda haka a wannan gaɓa ku tilasta wa kanku rubuta jimla biyu a jere: abin da muke so mu sani a zahiri, da abin da muke aunawa a madadinsa. Sai ku tambaya: a kan su wa waɗannan biyun suke rabuwa? Minti talatin ya isa, kuma shi ne minti talatin mafi riba a aikin baki ɗaya.

Mataki na biyu: ku sauya tambayar

In ka tambayi injiniyoyi "akwai wata matsalar ɗa'a a nan?" shiru za ka ji, ko a ce babu. Tambayar ta yi faɗi, kuma wanda ya ce akwai kamar yana tuhumar abokan aikinsa ne. Ku yi tambayoyin da ke da amsa. In manhajar ta yi kuskure, wa zai ɗauki asarar? Shi wannan mutum zai san na'ura ce ta yanke masa hukunci? Wurin wa zai kai kuka, kuma kwana nawa zai jira? Mutanen da aka kwashi bayanansu sun san za a yi wannan da su? Wane mai mugun nufi ne zai fi jin daɗin wannan manhaja, kuma me zai fara gwadawa? Su wa ba sa cikin bayanan kwata-kwata?

Tambayar ƙarshe da ta zo da wuri da ta ceci kamfanin Amazon daga wahala. A 2018 Reuters ya ba da rahoton cewa kamfanin ya yi watsi da wata manhajar tantance masu neman aiki da ya horar da takardun neman aiki na shekara goma, waɗanda galibi maza ne suka turo. Manhajar ta koyi rage makin takardar da aka ambaci mata a cikinta, kamar wadda ta rubuta cewa ta shugabanci kulob ɗin mata.

Ku ajiye tambayoyin kada su wuce takwas. Jerin tambayoyi arba'in yakan koma aikin sa alamar "an duba" ba tare da an duba ba.

Mataki na uku: zaman "mu ɗauka ya riga ya lalace"

Wannan dabara ta masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ce, wanda ya bayyana ta a mujallar Harvard Business Review a 2007. Ba don ƙirƙirarriyar basira ya tsara ta ba, amma ta dace da ita ƙwarai. Maimakon a ce wa mutane su faɗi abin da zai iya lalacewa, sai a ce musu ya riga ya lalace, su faɗi dalili. Bambancin ba ƙarami ba ne. Mai cewa "zai iya lalacewa" ana masa kallon mai mugun baki. Mai bayyana dalilin abin da an riga an ce ya faru, aikin da aka sa shi yake yi.

Ga yadda ake gudanar da shi. Mutum shida zuwa takwas, awa ɗaya da rabi. Mai jagorantar zaman kada ya zama shugaban aikin. Zai buɗe da cewa: shekara ɗaya ke nan da sakin manhajarmu, ta cutar da mutane, an janye ta, 'yan jarida na kira, me ya faru? Minti goma na farko ba mai magana. Kowa ya rubuta dalilansa shi kaɗai, dalili ɗaya a kan takarda ɗaya. Wannan shirun shi ne ƙashin bayan zaman, domin da zarar babba ya fara buɗe baki, tunanin sauran yakan bi sahunsa. Daga nan a zagaya, kowa ya karanta guda ɗaya, a fara da mafi ƙanƙanta a matsayi, shugaba ya zo a ƙarshe. A ci gaba da zagayawa har takardu su ƙare. A wannan lokaci ba a musu, ba a kare kai, ba a cewa "ai mun riga mun yi maganin wannan". Tambayar neman bayani kawai aka yarda da ita.

Sauran minti arba'in a haɗa masu kama da juna, a auna kowanne da abu uku: girman cutarwar, yawan waɗanda za ta shafa, da ko za a iya gyarawa bayan ta faru. Wanda ba ya gyaruwa, kamar a kama mutum bisa kuskure ko a fallasa sirrin lafiyarsa, ya hau sama ko da yiwuwarsa kaɗan ce. A zaɓi uku zuwa biyar. Kowanne a rubuta masa sunan mutum ɗaya da rana. Sunan mutum, ba sunan sashe ba, domin abin da aka ce na kowa ne ba wanda ke ɗauka.

Abubuwa biyu ke yawan ɓata wannan zama. Na ɗaya, a yi shi mako guda kafin ƙaddamarwa, lokacin da ba a iya canza komai. Mutane za su gane wasan kwaikwayo ne, kuma ba za su sake zuwa da gaske ba. Na biyu, hankali ya tafi ga hatsarori masu ban tsoro na nesa, a bar na kusa marasa armashi, irin su fom ɗin ɗaukaka ƙara da ba wanda ke karantawa. Aikin mai jagora ne ya riƙa dawo da magana kan mutumin da zai yi amfani da manhajar gobe.

Mataki na huɗu: ku zo da alƙaluma a rarrabe

Muhawara kan adalci ba tare da alƙaluma ba takan koma "ni a ganina". Kuma alƙalami ɗaya na jimla yana ɓoye abubuwa da yawa. Ɗauki gwaji mai mutum 1000. Ɗari tara daga rukuni ɗaya ne, manhajar ta yi kuskure a kan 18. Ɗari daga wani rukuni ne, ta yi kuskure a kan 32. Jimlar kuskure 50, wato daidaito kashi 95 cikin ɗari, abin a tafa. Amma a rukuni na biyu kusan mutum ɗaya cikin uku ake zalunta, a na farko kuwa ɗaya cikin hamsin.

Irin wannan ne Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka nuna a 2018 lokacin da suka gwada manhajojin kamfanoni uku masu tantance jinsi daga hoton fuska. A kan maza masu hasken fata kuskuren bai wuce kashi 0.8 ba, a kan mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7. Ku kafa doka cewa ba a gabatar da sakamakon gwaji sai a rarrabe, kuma a haɗa rukunoni, ba jinsi daban launi daban kawai ba, domin a mahaɗar ne ramin yake. Ku kuma duba yawan misalan kowane rukuni. In rukuni yana da misali 30 kacal aka samu kuskure 3, ainihin kuskuren zai iya zama ko'ina tsakanin kusan kashi 3 da kashi 26. Wannan bai isa a ce lafiya ba, bai kuma isa a ce matsala ba. Abin da yake nunawa shi ne a je a ƙaro bayanai.

Akwai inda alƙaluma ke tsayawa, kuma ya kamata tawaga ta san wurin. A 2016 kafar ProPublica ta binciki manhajar COMPAS da wasu kotunan Amurka ke amfani da ita wajen hasashen wanda zai sake aikata laifi. Ta gano cewa cikin waɗanda ba su sake laifi ba, baƙar fata sun kusan ninka farar fata wajen samun tambarin "mai hatsari". Kamfanin ya mayar da martani cewa maki iri ɗaya yana nufin hatsari iri ɗaya ga kowane launi. Masana lissafi, ciki har da Alexandra Chouldechova da Jon Kleinberg da abokan aikinsa, sun nuna cewa in yawan faruwar abin ya bambanta tsakanin rukunoni, ba zai yiwu a cika waɗannan ma'aunai duka a lokaci guda ba. Wato dole a zaɓa. Zaɓin kuwa ba na lissafi ba ne: wanne ya fi muni a wannan aikin, a zargi marar laifi ko a kuɓutar da mai laifi? Kada a bar wa injiniya ɗaya wannan da tsakar dare yana daidaita lambobi. A kawo shi teburi, a faɗe shi da kalmomin da kowa ke ganewa.

Mataki na biyar: su wa ke zaune a ɗakin

Injiniyoyi da manajan aiki ba su isa ba. Ku gayyato masu amsa kiran abokan hulɗa, domin su ke jin kukan farko. Ku gayyato masu yi wa bayanai alama, wato masu rubuta wa kowane misali abin da yake don manhaja ta koya, waɗanda galibi 'yan kwangila ne da ba a tambayarsu komai, alhali su suka ga bayanan ɗaya bayan ɗaya, sun san inda umarnin da aka ba su bai yi ma'ana ba. Ku nemo wanda ya san fagen a aikace: in manhajar ta asibiti ce, ma'aikaciyar jinya, in ta makaranta ce, malami. In za ku ji daga mutanen da abin zai shafa, ku biya su lokacinsu, ku kuma koma ku faɗa musu abin da kuka yi da maganarsu.

Kada ku ɗora wa mace ɗaya tilo ko ɗan ƙabila ɗaya tilo da ke tawagar nauyin zama bakin mutanensa. Yana gajiyarwa, kuma yana ba sauran lasisin daina tunani.

Lauya ya zo, amma kada ya zama mai rufe magana. Doka ita ce mafi ƙarancin abin da ake bukata. Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2024, ta sa manhajojin ɗaukar ma'aikata da na tantance masu neman bashi cikin rukunin masu babban hatsari, kuma sanin hakan na taimakawa wajen gane aikin da ke bukatar dogon zama. Sai dai "doka ba ta hana ba" amsa ce ga tambaya ɗaya kawai cikin tambayoyin da ke gabanku.

Mataki na shida: ku kare mai magana

Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990, ta ga abin da ya ba ta mamaki: tawagogin da suka fi kyawun shugabanci da haɗin kai su suka fi yawan rahoton kuskure. Bayanin da ta kai gare shi shi ne ba sa tsoron faɗa. Darasin ga shugaban tawaga shi ne, in wata shida suka wuce ba wanda ya kawo damuwa, abin dubawa ne, ba abin murna ba.

Abin da shugaba ya yi a minti ɗaya bayan an kawo masa damuwa ta farko shi kowa ke kallo. In ya ɗaure fuska, ko ya ce "me ya sa sai yanzu", ya rufe ƙofar na shekara. Abin da ya kamata ya faɗa gajere ne: na gode da kika kawo wannan, nuna mana abin da kika gani. Kuma ya yi haka ko da daga baya ta tabbata ba matsala ba ce. In sai wanda ya yi daidai ake gode wa, mutane za su jira sai sun tabbata, kafin nan kuwa lokaci ya ƙure.

Bayan halin shugaba, a gina hanyoyi uku. Na ɗaya, a riƙa shigar da damuwar ɗa'a cikin rajistar da ake shigar da sauran kurakuran manhaja, da lamba da mai ɗaukar nauyi da matakin gaggawa, don ta zama aikin yau da kullum. Na biyu, a buɗe hanyar kai rahoto a asirce zuwa ga wani da ba shi ke rubuta wa mai rahoton kimar aiki ba. Harkar jiragen sama ta daɗe da gane wannan: tun 1976 hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ke karɓar rahoton sirri daga matuƙa da sauran ma'aikata a Amurka, kuma an ba ta aikin ne domin ba ita ce hukumar da ke hukunta su ba. Na uku, a ba kowane ɗan tawaga ikon neman a dakatar da saki na ɗan lokaci, a ce awa 48, domin a duba wani abu takamaimai. Shugabanni sukan ji tsoron za a yi wasa da wannan iko. Maganinsa shi ne sharaɗi mai sauƙi: mai neman dakatarwa ya rubuta abin da ya gani da wanda zai cutu, a layi biyar.

Sai batun ƙarin girma. In wanda ya saki manhaja da wuri ne kawai ke samun yabo, wanda ya jinkirta ta don gyara kuwa ana masa kallon mai kawo cikas, duk abin da aka faɗa a sama ya tashi a banza. A sa gano hatsari cikin abubuwan da ake dubawa a kimar shekara, da misalai.

Mataki na bakwai: ku rubuta, har da saɓanin

Kowace shawara mai nauyi ta samu shafi ɗaya: abin da aka yanke, zaɓuɓɓukan da aka bari da dalili, wanda ya yanke, wanda bai yarda ba da hujjarsa, da abin da in ya faru za a sake buɗe maganar. Layin wanda bai yarda ba yana da amfani biyu. Yana sa mutum ya ji an saurare shi ko da ba a bi ra'ayinsa ba, kuma wanda ya gaji aikin bayan shekara biyu zai san inda zai fara dubawa. Ga bayanai da manhajar kanta akwai tsare-tsaren da aka riga aka wallafa: takardar bayanin tarin bayanai da Gebru da abokan aikinta suka gabatar a 2018, da katin bayanin manhaja na Margaret Mitchell da abokan aikinta a 2019. Ku cike su tare a zama ɗaya. In mutum ɗaya ya cike a ranar ƙarshe, takarda ce kawai. Gardamar da ke tashi wajen cike gurbin "inda bai kamata a yi amfani da ita ba" ita ce ribar.

In an kasa daidaitawa, a san tun farko wurin wa za a kai, kuma ya ba da amsa cikin mako guda. Kwamitin da ba shi da ikon cewa a'a ado ne.

Mataki na takwas: bayan an saki

Kafin saki, ku rubuta iyakokin da in aka tsallake za a janye ko a dakatar: kuskure a kan kowane rukuni ya wuce kaza, koke iri ɗaya ya kai kaza a mako. Ana sa waɗannan lambobi ne tun hankali na kwance, domin bayan kuɗi sun fara shigowa kowace lamba sai a samo mata uzuri. Ku kuma tabbatar akwai hanyar kashe manhajar ko komawa tsohon tsari, kuma an gwada ta. Microsoft ya janye manhajar hira ta Tay a 2016 cikin ƙasa da kwana ɗaya bayan masu amfani da Twitter sun koya mata kalaman ƙiyayya. A Holan kuwa an shafe shekaru hukumar haraji na zargin dubban iyalai da zambar tallafin kula da yara bisa kuskure, tana amfani da tsarin auna hatsari da ya sa ƙasar asalin mutum cikin lissafi, iyalai suna kuka ba mai saurare, har gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a watan Janairun 2021. Gudun da koke ke yi kafin ya isa kunnen mai iko abu ne da ake tsarawa. Sau ɗaya a wata, tawagar da ta gina manhajar ta karanta koke ashirin da aka ɗebo ba zaɓe, da kalmomin masu koken, ba taƙaitawar wani ba.

Duk wata uku ku buɗe rajista ku ƙirga abu uku: damuwa nawa aka shigar, daga mutum nawa daban-daban, kuma nawa ne suka sa aka canza wani abu a manhajar, ko bayanan, ko ranar saki. In duk daga mutum ɗaya suke fitowa, nauyin ya taru a kansa kuma ba zai daɗe ba, sai a riƙa karɓa-karɓar jagorancin zaman mataki na uku. In an shigar da yawa amma ba wadda ta canza komai, matsalar tana wurin masu yanke shawara, sai a ɗauki uku mafi girma a kai su gaban wanda ke sama da shugaban aikin, tare da shafukan da aka rubuta a mataki na bakwai.